Gizo-gizo Mai Jefa Birgi

[Kiɗan buɗe shiri]

  Gaisuwa ga mutanen Yelwa da Zamare, da na Wara a ƙasar Ngaski, da na Shanga, da duk wanda muryata ta iske a bakin ruwa, ko yana ɗinkin koma a inuwa, ko yana ban ruwa a fadamar albasa. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu Sarkawa da Gungawa, domin da sana'arsu zan buɗe zancen yau.

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san birgi. Ka ga masunci tsaye a goshin jirgi da sassafe, ya ɗaure igiya a wuyan hannu, ya tattaro komarsa ya rataya a damtse. Ba ya magana, ba ya motsi, ruwa kawai yake karantawa. Can sai ya murɗa ƙugu ya saki. Birgi ya buɗe a sama kamar faifai, darma ta ja shi ƙasa, ya rufe abin da aka auna. Mu da muka saba gani mun daina mamaki, amma a tambayi yaron da ke koyo, ya san shekarun da ake ci kafin birgi ya buɗe wa mutum sosai.

To, akwai wata halitta da take wannan sana'a kowane dare, a tudu, ba jirgi ba darma. Ita ke saƙa birginta da kanta, ta riƙe shi, ta yi kwanto, ta jefa. Gizo-gizo ne. A ƙasashe da dama har kiwonsa ake yi a gida don kallo da nazari. Yau za mu ji yadda yake, da yadda ake kiwonsa, da dalilin da ya sa nake ganin mu mutanen ruwa mun fi kowa cancantar saninsa.

[Gajeren kiɗa]

Mu Hausawa mun san Gizo tun muna kan tabarma gaban kakanni, shi da matarsa Ƙoƙi, da tsamin bakinsa da wayonsa. Mun san akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunan gizo-gizo, Suratul Ankabut, sura ta 29. Littattafan tarihi kuma sun kawo labarin saƙarsa a bakin Kogon Saur lokacin Hijira. Har intanet ma da ta zo, yanar gizo muka raɗa mata. Amma gizo-gizon da ke bangon ɗakinmu, da mun gan shi sai tsintsiya.

Masana sun rubuta sunayen gizo-gizo sama da iri 50,000 a duniya. A cikinsu akwai wani ƙaramin dangi mai iri sama da 60 da ake kira Deinopidae, su ne masu jefa birgi. Sunan daga harshen Girka aka samo shi, yana nufin mai kama mai ban tsoro, Turawa kuma suna ce masa mai fuskar dodo, saboda manyan idanu biyu da ke gaban kansa. Ana samunsa a ƙasashe masu ɗumi: Ostareliya, kudancin Asiya, kudancin Amurka da ƙasashen da ke ƙasa da ita, da kuma nan Afirka. An rubuta samuwarsa a Gini da Kamaru da Angola da Madagaska da Afirka ta Kudu. Ya fi son wuri mai ciyayi da laima.

Da rana da wuya ka gan shi. Jikinsa siriri ne dogo, babbar mace ba ta wuce santimita 2 da rabi ba in ba a haɗa da ƙafafu ba. Sai ya miƙe ƙafafu huɗu gaba, huɗu baya, ya lafe a jikin kara, ya zama tamkar busasshen tsinke. Tsuntsu zai sauka kusa da shi ya tashi bai san da abinci a wurin ba.

Rana na faɗuwa sai aiki ya tashi. Ya fara kafa 'yan zaruruwa tsakanin ganye da reshe, waɗanda zai rataya a kansu. Daga nan sai saƙar birgi. Ku saurari wannan da kyau, musamman iyayenmu mata da suka san kaɗi. Yanar da muka saba gani tsakanin itatuwa danƙo ne a jikinta, shi ke kama ƙwaro. Zaren wannan kuwa babu danƙo. Yana fitowa ne silili-silili, dubbai, daga wata gaɓa a ƙarshen cikinsa, sai ya sa wani layin gashi da ke ƙafarsa ta baya, kamar matsefi, ya riƙa shiɓar zaren yadda ake shiɓar auduga, har ya yi laushi ya yi gashi-gashi. Kun san yadda ƙarangiya ke kama riga? Haka ƙayoyin ƙafar ƙwaro ke sarƙewa a wannan zare. In ya gama, birgin bai fi kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa girma ba, fari mai ratsin shuɗi, amma yana miƙewa ninki-ninki kamar roba.

Sai ya rataya kai ƙasa, ya kama kusurwoyi huɗu na birgin da ƙafafunsa huɗu na gaba. Wani lokaci yakan ɗiga farin kashinsa a ganyen da ke ƙarƙashinsa, ya zama alamar saiti. Da gyare ko tururuwa ko ƙaramin kyankyaso ya gitta ta kan alamar, sai ya buɗe ƙafafu, birgi ya miƙe, ya faɗa a kai ya rufe shi. Ya naɗe shi da zare, ya sare shi, ya ci. In ya kwana bai kama komai ba, sau da yawa yakan tattara birgin ya cinye kafin gari ya waye, don kada zaren ya tafi a banza.

[Gajeren kiɗa]

Masunci zai tambaya: a cikin duhu, da me yake gani? Idanunsa takwas ne, amma biyu na tsakiya sun fi na kowane gizo-gizo girma, faɗinsu yakan kai milimita 1.4. Wajen tattara ɗan hasken da ke cikin dare sun fi idon kyanwa, sun fi na mujiya. A shekarar 1978 wani masani a Ostareliya, David Blest, ya gano abin al'ajabi game da su. Shimfiɗar da ke karɓar haske a cikin idon ba ta jure hasken rana. Saboda haka kowace magariba sai jikinsa ya gina sabuwa, kowace asuba ya rushe ta. Kullum da sabon ido yake fita farauta. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

A shekarar 2016 wani mai bincike a Amurka, Jay Stafstrom, ya yi gwaji a kan irin da ke jihar Fulorida. Ya rufe manyan idanun nan na ɗan lokaci da wata roba mai laushi ta likitocin haƙori. Sai gizo-gizon ya riƙa shan wahalar kama ƙwarin da ke tafiya a ƙasa, amma bai fasa cafke masu tashi a sama ba. Yaya aka yi haka? A 2020 shi da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka kawo amsa. Ashe yana ji, alhali ba shi da kunne. Da gashin ƙafafunsa da wasu gaɓoɓi kusa da ƙarshen ƙafar yake ɗaukar sauti, har daga nisan mita 2. In ya ji fiffiken ƙwaro ta bayansa, sai ya yi alkafura da baya ya cafe shi a iska, cikin kashi 60 bisa 1,000 na sakan guda. Kafin ka ƙifta ido an gama.

Ke nan jifa biyu gare shi: na gaba da ido, na baya da ji. Tsofaffin masuntanmu ma haka suke. Akwai kifin da ake gani, akwai wanda ake ji a motsin ruwa.

Sai tambayar da na san tana ran iyaye mata: yana da dafi? Yana da ɗan dafin da ke kashe ƙwaro, amma ba ya cikin masu haɗari ga ɗan Adam, kuma ba mafaɗaci ba ne. In an taɓa shi, ƙamewa yake yi kamar tsinke. Duk da haka ƙa'idarmu ɗaya ce ga yara da manya: kowane irin gizo-gizo, ba a kama shi da hannu.

[Kiɗa]

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, zancen gizo-gizo mai jefa birgi muke yi. Yanzu sai batun kiwo.

Wani zai ce, mutum da hankalinsa ya rasa abin kiwo sai gizo-gizo? To ai mun san masu kiwon tantabara da ba don ci suke yi ba, da masu ajiye kanari don kukansa. A Ostareliya, inda irin da ake kira Asianopis subrufa ke zaune har cikin lambunan gidajen birnin Sidni, da kuma Turai da Amurka, akwai masu ajiye shi don su ga wannan jifa da idonsu. Gani ya kori ji. Kiwo ne da ba ya cin kuɗi, ba ya cin wuri. Haƙuri yake ci.

Da farko mazauni. A sami babbar roba ko kwalba mai haske, wadda ake ganin ciki, doguwa, tsayinta ya kai kamu biyu, domin shi mai rataya ne, tsawo ya fi masa faɗi amfani. A cire murfin a ɗaure bakin da ƙyallen gidan sauro mai tsabta wanda ba a sa wa magani ba. Ku riƙe wannan, domin gidan sauron da ake rabawa a asibiti akwai maganin ƙwari a jikinsa, zai kashe shi. A zuba 'yar ƙasa mai laima da busassun ganye a gindi. A jingina ƙirare biyu ko uku a tsaye, a bar fili a tsakiya, a sa ɓawon itace mai faɗi a ƙasa inda ƙwaro zai bi. In aka cika wurin da tarkace, ba shi da inda zai buɗe birgi, kamar dai a ce masunci ya yi jifa cikin ciyawar ruwa.

Na biyu, zafi da laima. Mun san zafin Yawuri a watan Maris da Afrilu. Roba a rana tanda ce, cikin ɗan lokaci za ta hallaka shi. A ajiye ta a inuwa mai iska, kusa da randa in da hali. Da yamma a yayyafa ruwa kaɗan a jikin robar ta ciki, daga ɗigon yake sha. Lokacin hunturu, da iska ke busar da komai, a ƙara yawan yayyafin. Amma kada ruwa ya kwanta, domin rima da fumfuna ma kisa suke yi.

Na uku, abinci. Mai rai yake ci, ba ya kula mushe. Ƙaramin gyare, 'yar fara, ƙuda, ko gina idan ta fito farkon damina. Kada ƙwaron ya fi jikinsa girma. Sau biyu a mako ya isa, kuma da magariba ake sakawa, bayan ya gama saƙa. Wanda bai ci ba a cire shi da safe. Kada a kamo ƙwaro daga gonar da aka yi wa feshi.

Na huɗu, maƙiyansa a gida. Fiya-fiya, da maganin sauro na kunnawa, da na fesawa, duk ajalinsa ne. Sai cinnaka da kwarkwasa. A ɗora robar a kan bulo a tsakiyar faranti mai ruwa, ba za su ƙetara ba. Kuma kowane ɗaya da robarsa, domin in aka haɗa biyu, babba zai jefa wa ƙarami birgi.

Na biyar, saɓa. Kamar maciji, gizo-gizo yana tuɓe tsohuwar fata in zai girma. In ka ga ya daina ci, ya daina saƙa, ya rataya shiru, to saɓa ta matso. Kada a girgiza robar, kada a bar gyare a ciki, domin a wannan lokaci jikinsa taushi gare shi, gyaren da yake ci zai iya cinsa.

In ana son kallo, kada a haska masa tocila mai ƙarfi a fuska, kun dai ji yadda idonsa yake. A rufe bakin tocilar da jar leda, a zauna nesa kaɗan, a yi shiru. Wata rana minti goma, wata rana sa'a biyu ba jifa. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

[Gajeren kiɗa]

Hayayyafa kuwa aikin wanda ya ƙware ne. Namiji ya fi mace sirantaka da dogayen ƙafafu, kuma a gaban bakinsa akwai wasu 'yan hannuwa biyu masu kumburin kai, da su ake gane ya balaga. Da zarar ya yi saɓarsa ta ƙarshe, ya bar saƙar birgi ke nan, sai yawon neman mace. Mai kiwo yakan ciyar da macen ta ƙoshi tukuna, sannan ya sa namijin da dare, a wuri mai faɗi. Namijin yakan tsaya daga nesa yana kaɗa zare, kamar mai sallama a ƙofar gida, sai ta amsa yake matsowa. Bayan barbara a mayar da shi robarsa.

Daga baya macen za ta saƙa wata 'yar ƙwallo mai tauri, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, kamar girman gujiya, ta rataye ta da zare, ta ɓoye ta da busassun ganye. Ƙwai 100 zuwa 200 kan kasance a ciki. Idan 'ya'yan suka fito, sukan taru wuri guda na ɗan lokaci, sannan su watse, kowane ya fara saƙa ɗan birginsa da ido da ƙyar yake gani. Ba wanda ya koya musu. Abincinsu 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba.

A nan nake roƙonku da babbar murya. Babu mai iya ciyar da 'ya'ya 200. A riƙe biyu ko uku, sauran a mayar da su daidai inda aka ɗauko uwarsu. Rayuwarsu duka ba ta cika wuce shekara guda ba. Kada kuma a yi odar na wata ƙasa ta intanet. Shigo da halitta mai rai sai da izinin hukuma, kuma baƙon iri in ya kuɓuce ba a san ɓarnar da zai yi ba. Sannan mu tuna hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk ran da ka rufe a roba amana ce a wuyanka. In ka ga ba za ka iya ba, sake shi ya fi.

[Kiɗa]

Wane amfani wannan zai yi wa manomi da masunci? A shekarar 2017 wasu masana biyu na Turai, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cin abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, galibinsa ƙwari. Ma'aikata ne a gonakinmu da ba a biyansu lada. Indunusiya ta ga haka da idonta. Manoman shinkafa suka yawaita feshi, maganin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwari, sai wani ƙwaro mai tsotse shinkafa ya sami sarari ya yi ɓarna mai yawa. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da magunguna iri 57 a gonakin shinkafa. Mu da shinkafa ta zama abin tinƙahonmu a Jihar Kebbi, wannan labari namu ne. Yaron da ya yi wata guda yana kallon gizo-gizo a roba, in ya girma ya ɗauki famfon feshi, zai duba gona kafin ya danna.

Ga masunta kuma, tun da aka datse ruwa a Kainji tafkin nan ya cika a 1968, muka ga kayan su iri-iri. Manya suna tune da yadda dala mai ƙananan idanu ta riƙa kwaso warangi haɗe da 'ya'yan manyan kifaye, har hukuma ta hana ta a ƙarshen shekarun 1990. Mai birgi kuwa sai ya duba, ya auna, sannan ya jefa. Wannan ƙaramar halitta a kan tsarin mai birgi take: abin da za ta ci take kamawa, ɗaya bayan ɗaya, ko zarenta ba ta zubarwa.

Ga aikin gida ga ɗalibanmu na Yelwa da Wara da Shanga, da malamansu na kimiyya. Farkon damina, bayan sallar isha'i, a fita lambu ko bayan gida tare da babba. A sa takalmi saboda kunama da maciji, kada kuma a kusanci bakin ruwa da dare saboda dorina. Ka ɗora tocila a goshinka ka haska ciyawa, za ka ga 'yan ɗigon haske suna ƙyalli kamar raɓa. Idanun wasu gizo-gizo ne masu farauta a ƙasa. Manyan idanun mai birgi ba sa mayar da haske haka, shi farin birginsa ake nema, tsakanin ƙasa da gwiwa, a ƙasan ganye. Duk irin da kuka gani, ku ɗauki hotonsa da waya, ku rubuta rana da wuri da abin da yake yi, ku kai wa malami. Malami kuma yana iya miƙa shi ga masana ilimin halittu a jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero. Da irin wannan rubutu na yau da gobe ake sanin halittun ƙasa, kuma babu wanda zai rubuta na Yawuri da ya fi 'ya'yanta.

Iyayenmu masunta, in jikokinku sun dawo da hoton wani tsinke mai manyan idanu riƙe da 'yar koma, ku zauna ku kalla tare. Su gaya muku abin da suka ji a rediyo, ku kuma ku nuna musu yadda ake tattara birgi a damtse, da yadda ake jira. Wannan ilimin a hannunku yake, kuma suna bukatarsa.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya ba masu shiga ruwa sa'a, Ya dawo da su gida lafiya, Ya sa albarka a gonakinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. 

[Kiɗan rufe shiri]